Allurar Botulinum

Allurar botulinum, wadda aka fi sani da sunan Botox, allura ce da ake yi a cikin tsoka domin ta saki na wasu watanni. Ana haɗa ta ne daga dafin ƙwayar cuta mai suna Clostridium botulinum, ɗaya daga cikin dafi mafi ƙarfi da aka sani, sai dai ɗan mitsitsi ake sawa a magani. Botox sunan haja ne na kamfani guda, kamar yadda ake kiran kowane garin sabulu Omo; akwai wasu irinta kamar Dysport da Xeomin.

Tarihi

A shekarar 1895 masanin ƙwayoyin cuta ɗan ƙasar Beljiyam, Emile van Ermengem, ya gano ƙwayar bayan wasu mutane sun kamu da ciwo sakamakon cin gurɓataccen nama. Likitan ido Alan Scott na Amurka shi ne ya fara gwada dafin a kan masu harara-garke a ƙarshen shekarun 1970. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da maganin a 1989, ta amince da shi don kwalliyar fuska a 2002, sannan a 2010 don ƙagewar tsokar hannu da kuma ciwon kai na ɓari ɗaya mai yawan dawowa.

Yadda take aiki

Tsoka ba ta motsi sai jijiya ta aika mata saƙo ta hanyar wani sinadari mai suna asetilkolin. Dafin yana hana bakin jijiyar sakin wannan sinadari, sai tsokar da aka yi wa allurar ta yi laushi. Ana fara ganin aikinta bayan 'yan kwanaki, kuma yakan gushe cikin wata 3 zuwa 4, lokacin da jijiyar ta farfaɗo.

Amfaninta a gashin ƙashi

A nan ne allurar ta fi muhimmanci. Wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki sau da yawa hannunsa kan dunƙule, gwiwar hannu ta lanƙwashe, har wanke tafin hannu ko sa riga ya zama aiki. Haka yaran da ƙwaƙwalwarsu ta samu rauni wajen doguwar naƙuda ko tsananin shawara bayan haihuwa, wasunsu kan yi tafiya a kan yatsu, ko ƙafafunsu su riƙa harɗewa. Idan aka bar tsoka a ƙage tsawon lokaci takan gajarce, gaɓar ta daskare, a nan kuma sai dai tiyata.

Likita ne ke yin allurar, bayan shi da likitan gashin ƙashi sun tantance tsokar da ke jawo matsalar. Watannin da tsokar ta saki su ne damar likitan gashi: miƙar da gaɓa, atisaye, sa takalmin gyaran ƙafa ko ɗaurin filasta, da koyar da tafiya. Allura ba tare da gashi ba kusan asarar kuɗi ce, domin ba ta gyara raunin da ke ƙwaƙwalwa, kuma ba ta ƙara wa tsoka ƙarfi.

Akwai ruɗani na suna da ya kamata a lura da shi. Mutane da dama na kiran duk wata nakasar ƙafa ta yaro da shan inna. Amma shan inna na ainihi, wato foliyo, sakin tsoka yake yi ta yi laɓo-laɓo, saboda haka wannan allura ba maganinsa ba ce.

Kwalliya

Ana yin ta a goshi, tsakanin gira da gefen ido don rage tamoji. Ana kuma yin ta a hammata ga masu yawan zufa. Ba ta ciko fuska ko leɓe, kuma ba ta hasken fata.

Illoli

Wurin allurar kan yi zafi ko kumburi, fatar ido na iya saukowa, tsokar da ke kusa na iya yin rauni. Mafi haɗari shi ne dafin ya bazu ya taɓa haɗiya ko numfashi, abin da ya sa FDA ta tilasta sa babban gargaɗi a kwalin maganin a 2009. Akan guje mata ga masu juna biyu da masu ciwon raunin tsoka. A 2024 an kwantar da mutane a asibiti a Amurka bayan an yi musu jabun allurar ko kuma wanda bai cancanta ba ya yi musu.

A Kano

Masu irin waɗannan larurori kan je sassan gashin ƙashi na Asibitin Ƙashi na Dala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, kuma Jami'ar Bayero na horar da likitocin gashi. Maganin daga waje ake shigo da shi, yana da tsada, kuma sai an maimaita, don haka yawancin iyalai gashi kaɗai suke iya ɗauka.

Batun ajiya ma babba ne. Botox na buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, abin da ke da wuya inda wuta ba ta tsayawa. Sabon Gari, a ƙaramar hukumar Fagge, ta daɗe tana zaman cibiyar sarin magunguna a Arewa, kuma a Fabrairun 2024 hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka rufe shagunan magani a yankin, suka nemi 'yan kasuwar su koma cibiyar Dangwauro da ke hanyar Zariya. Kwalbar da aka saya a kanti ko ta intanet, babu mai tabbatar wa majinyaci asalinta ko yadda aka ajiye ta kafin ta iso hannunsa.