ASUWAKI KO BUROSHI: YADDA AL'UMMOMIN DUNIYA KE KULA DA HAƘORANSU

Duk wanda ya yi sammako ya bi ta Zangon Agege a Ikko, ko ya ratsa bakin kasuwar Kurmi a birnin Kano kafin hantsi, ba zai rasa ganin magidanta a ƙofar gida da guntun itace a baki ba, suna taunawa suna gogawa, suna amsa gaisuwa ta gefen baki. A daidai wannan lokaci ma'aikaci a birnin Landan yana tsaye gaban madubi, ƙofa a kulle, yana dirzar baki da buroshi, domin a wurinsu wanke baki a bainar jama'a abin kunya ne. A Birazil kuwa, da zarar an tashi daga abincin rana, sai a ga ma'aikatan ofis, babba da yaro, sun nufi makewayi kowa da buroshin da ya zaro daga jaka. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Amma fa abin da ya dami masana kiwon lafiya shi ne, cikin mutanen nan uku wane ne zai kai tsufa da haƙoransa.

Maganar ba ta wasa ba ce. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022 ya nuna cewa mutum kimanin miliyan 3,500, watau kusan rabin jama'ar duniya, suna fama da wani ciwo na baki ko na haƙori. Uku daga cikin huɗu na waɗannan mutane suna zaune ne a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki.

FARI, JA KO BAƘI

Kafin a zo maganar lafiya, sai a fara da ta ado, domin a nan ne al'ummomi suka fi shan bamban. Mutumin yau ya ɗauka tun fil azal farin haƙori shi ne kyau. Ba haka abin yake ba. Shekaru aru-aru matan aure a ƙasar Japan suna rina haƙoransu baƙi ƙirin da wani ruwa da akan haɗa daga ƙarfen da aka jiƙa cikin ruwan tsami. Wadda ta bar haƙoranta fari bayan aure, ana ganin ba ta kammala shiga ba. Sai a shekarar 1870 gwamnatin ƙasar ta hana sarakuna da fadawa wannan rini, a 1873 kuma matar sarki ta fito bainar jama'a da fararen haƙora, daga nan al'adar ta soma ja da baya.

Kada Bahaushe ya yi wa Japanawa dariya. Dattawa ba su manta da zamanin da 'yan mata ke goga furen taba a haƙori su bi da goro ba, har baki ya yi ja wur, kuma wadda ba ta yi haka ba ran salla ba ta yi kwalliya ba. Fulanin Bororo na Jumhuriyar Nijar su kuma farin suke so. A wasansu na gerewol samari kan shafa baƙi a leɓe domin farin haƙori ya fito sosai, su yi ta yaƙe baki suna zare ido a gaban 'yan mata masu zaɓe.

Wushirya ma haka take. A ƙasar Hausa da ƙasar Yarbawa ado ce da ake yi wa kirari, har akwai waɗanda Allah bai ba su ba, suke zuwa a goge musu gefen haƙora da zarto domin a samu 'yar ƙofar. Wannan ɓarna ce tsagwaronta, domin farin ɓawon haƙori in ya tafi ba ya tsirowa. Faransawa suna ɗaukar wushirya alamar sa'a. A Amurka kuwa iyaye kan kashe dubban daloli a ɗaure wa yaro haƙora da waya na shekara biyu ko fiye, don kawai a toshe abin da wata ke biyan kuɗi a buɗe mata a Ibadan. Haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi yana da 'yan'uwa a Tajikistan da Uzbekistan, inda haƙorin zinariya ya daɗe yana nuna wadata. Dinka da Nuwer na Sudan ta Kudu sun gaji cire haƙoran gaba na ƙasa in yaro ya tasa, mutanen tsibirin Bali kuma kan goge tsinin fiƙa a wani biki na balaga.

ABIN DA SUKARI YA YI WA INGILA

In ana son ganin asalin ciwon haƙori na zamani, sai a dubi Ingila. Wani matafiyi Bajamushe da ya ga Sarauniya Elizabet ta Ɗaya a shekarar 1598 ya rubuta cewa haƙoranta baƙaƙe ne, ya kuma ɗora laifin a kan yawan shan sukarin Ingilishi. A wancan zamani sukari abincin masu hali ne. Da gonakin raken da bayi ke nomawa a tsibiran Karibiyan suka karya masa farashi, sai ya shiga shayin talaka, cutar ta bi shi har ɗaki. Bayan yaƙin Watalu na 1815 an riƙa cire haƙoran sojojin da suka mutu ana haɗa wa masu kuɗi haƙoran aro da su. Shi kansa Joj Washintan, shugaban Amurka na farko, haƙori ɗaya tak ya rage masa sa'ad da aka rantsar da shi a 1789.

Da gwamnatin Ingila ta buɗe shirin kiwon lafiya kyauta a 1948, jama'a suka yi cincirindo neman haƙoran roba, har kuɗin ya fi ƙarfin baitulmali. A 1951 aka sa biyan wani kaso, abin da ya sa Aneurin Bevan, wanda ya kafa shirin, ya ajiye muƙaminsa na minista. Ƙidayar da aka yi a 1968 ta nuna kashi 37 cikin 100 na manyan mutane a Ingila da Wales ba su da haƙori ko ɗaya na kansu. Ya zuwa 2009 adadin ya sauko zuwa kashi 6. Amurkawa sun daɗe suna yi wa Ingilishi ba'a da karkatattun haƙora, amma wani nazari da aka buga a 2015 ya gano cewa in aka ƙirga giɓi, na bakin Ba'amurke ya ɗan ɗara na Ba'ingile. Fari da jeruwa daban, lafiya daban.

Yadda abin ke faruwa ba boyayye ba ne. Ba tsutsa ke cin haƙori ba, ko da yake Hausawa ba su kaɗai suka yi wannan zato ba: mutanen Babila sun yi shi, Turawa ma sun yi ta yi har likitan nan na Faransa Piyer Foshar ya ƙaryata shi a littafinsa na 1728. Ƙwayoyin cuta ne da ke manne a jikin haƙori suke cin sukari su fitar da tsami, tsamin ya riƙa narkar da ɓawon a hankali har kogo ya buɗe. Saboda haka mai tsotsar minti ɗaya bayan ɗaya tun safe har yamma ya fi mai shan sukarinsa gaba ɗaya tare da abinci shiga haɗari.

BUROSHI DA RUWAN FAMFO

Buroshi ɗan ƙasar Sin ne, inda aka fara dasa gashin alade a jikin ƙashi ko gora. Wani Ba'ingile mai suna Wiliyam Adis ya soma ƙera shi don sayarwa wajen 1780, sa'an nan a 1938 kamfanin DuPont na Amurka ya maye gashin dabba da nailan. Sai dai abin da ya fi rage ruɓewar haƙori a Turai da Amurka ba buroshin kansa ba ne, wani sinadari ne mai suna fuloraid.

Labarinsa da ban mamaki. A 1901 wani matashin likitan haƙori, Firedirik Makay, ya tarar mutanen wani gari a jihar Kolorado haƙoransu duk sun yi dabbare-dabbaren ruwan ƙasa, amma kuma ba sa ruɓewa. An shekara talatin kafin a gane fuloraid ne ya yi yawa a ruwan shansu. Daga nan aka fahimci cewa ɗan kaɗan yana ƙarfafa haƙori ba tare da ya rina shi ba. Birnin Grand Rapids ne ya fara zuba shi a ruwan famfo a 1945. Yawancin ƙasashen yammacin Turai ba su bi wannan hanya ba: Suwizalan ta zaɓi sa shi cikin gishiri tun 1955, Faransa da Jamus suka bi sahu daga baya. A Amurkar ma gardama ba ta mutu ba, domin a 2025 jihohin Yuta da Fulorida sun hana zuba shi a ruwa.

A wasu sassan Afirka matsalar a juye take. A Kaltungo ta jihar Gombe da Langtang ta jihar Filato, kamar a Tanzaniya da Habasha, ruwan ƙasa ne ya zo da fuloraid fiye da kima, yara na tashi da jajayen haƙora ana zaton ƙazanta ce, alhali ko sun kwana suna gogewa ba zai fita ba. A Tibirin Maraɗi abin ya wuce haƙori: rijiyar burtsatsen da aka fara sha daga gare ta a 1985 ta bar ɗaruruwan yara da lanƙwasassun ƙafafu kafin a farga.

ASUWAKI BAI TSUFA BA

To, ina matsayin mutumin Agege da guntun itacensa? Ba a baya yake ba kamar yadda 'yan boko ke zato. Musulunci ya kwaɗaitar da yin asuwaki, musamman a lokacin alwala da salla da tashi daga barci, wanda kuwa ya riƙe wannan sunna zai goge bakinsa sau biyar a yini ko fiye, abin da ko mutanen Koriya ta Kudu masu ƙa'idar gogewa sau uku ba su kai ba. Masu bincike sun tabbatar cewa itacen da Larabawa ke kira arak yana ɗauke da sinadarai masu kashe ƙwayoyin cuta. Indiyawa na amfani da reshen darbejiya, Yarbawa na da pako iri-iri, ciki har da saiwar fasa-ƙwari mai sa harshe ya yi zir.

Amma asuwaki na da nasa rauni. Gashinsa a miƙe yake da sandar, don haka da wuya ya kai bayan turame da cikin haƙoran gaba. Mai dirza da ƙarfi kuma yakan janye dasashi har saiwar haƙori ta fito. Gawayi da toka ma haka suke, suna farantawa yau su cinye ɓawon gobe. Babban abin lura shi ne asuwaki ya yi nasara ne a bakin da ya saba da tuwo da fura. Bakin ɗan yau ya saba da biskit da cakulan da lemon kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa ya fi kyau sukarin yini kada ya wuce cokalin shayi 6, alhali kwalbar lemo guda takan ƙunshi 8 zuwa 9. Ingila ta sa wa irin waɗannan lemuka haraji a 2018, Nijeriya ma ta sa naira 10 a kan kowace lita a 2022, kuɗin da bai isa ya sa kowa ya ajiye kwalba ba.

Japan ɗin nan mai baƙin haƙori ita ce yanzu abin misali. A 1989 ta ƙaddamar da yeƙuwar cewa kowa ya kai shekara 80 da haƙora 20 na kansa. Da aka fara, ko mutum ɗaya cikin goma bai cika sharaɗin ba. A 2016 sama da rabi sun cika. Makarantu da yawa a can suna sa yara goge baki bayan abincin rana, likita kuma na zuwa duba su kowace shekara.

Nijeriya ta buɗe makarantar likitocin haƙori ta farko a Jami'ar Ikko a tsakiyar shekarun 1960, Ibadan da Binin suka biyo baya. Har yau likitocin 'yan dubbai ne ga jama'ar da ta haura miliyan 200, akasarinsu a manyan birane, wasu kuma sun tsallake zuwa Ingila da Saudiyya. Mutumin ƙauye ba ya ganin likita sai kumatu ya kumbura, bayan ya gama da kanumfari da man birki da mai cire tsutsa na kasuwa, a lokacin kuwa ba abin da ya rage sai cirewa.

Mafi munin abin da ke biyo bayan wannan rashi yana Sakkwato. Tun 1999 akwai asibiti a can na musamman don cutar noma, wadda ke kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi, cikin 'yan makonni ta huda kumatu ta cinye leɓe da hanci. In ba a yi magani ba, tana iya kashe tara cikin goma. Turai ta san wannan cuta har ƙarni na 19, abinci da tsabta suka kore ta. Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashe 32 wajen neman a sa ta cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa riƙon sakainar kashi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince ran 15 ga Disamba, 2023. In an tare ta tun tana matakin jini a dasashi da warin baki, maganin kashe ƙwayoyin cuta da kurkure baki da abinci mai gina jiki sukan tsayar da ita cikin 'yan kwanaki.