Tiya da Kilo: Yadda Za Mu Auna Busasshen Kayan Miya

Ƴan'uwa manoma da iyayen gida, a kasuwannin Maraɗi da Tibiri da Jiratawa da tiya muke awo. A gidan likita kuwa, da cikin takardun malaman gona, da giram da kilo ake yi mana bayani. Wanda bai san yadda zai haɗa awon nan biyu ba yana iya yin hasara a kasuwa, yana kuma iya rage wa yaro abincin da aka ce a ba shi.

Tiya girma take aunawa

Tiya tana nuna wurin da abu ya cika. Kilo yana nuna nauyinsa. Kilo 1 giram 1,000 ne. Tiyar gero ta kai kimanin kilo 2 da rabi, shi ya sa tiya 40 ke cika buhu mai kilo 100. Amma tiyar kauɗar tumatir, ko ta busasshiyar kuɓewa, ko ta ganyen zogale, ba ta kusa da wannan nauyi. Ƙwayar gero tana matsewa, kauɗa kuwa tana barin sarari a tsakaninta. In an daka ta ta zama gari, tiya ɗaya sai ta ɗauki nauyin da ya fi na da.

Ina nauyin ya tafi?

A fadamar Jiratawa, inda aka shirya gonakin ban ruwa fiye da hekta 500 a farkon shekarun 1980, ana noman tumatir da zogale da tattasai. Lokacin da tumatir ya yi yawa, farashi yakan faɗi, sai a yanka a shanya. Ɗanyen tumatir kusan duk ruwa ne, wajen kashi 94 cikin 100. Kilo 10 na ɗanye, in ya bushe sosai, giram 700 zuwa 800 yake bayarwa. Saboda haka giram 70 zuwa 80 na kauɗa suna maye gurbin kilo 1 na ɗanye a tukunya. Ganyen zogale kuma, kilo 4 zuwa 5 na ɗanye ne ke ba da kilo 1 na busasshe.

Auna kwanonki sau ɗaya

Uwargida, ba sai kin sayi sikeli ba. Ɗauki kwanon da kike awo da shi kullum, ki je wurin mai kanti ko mahauci.

1. A auna kwanon babu komai a ciki.
2. A cika shi da kauɗa daidai baki, ba tozo, ba dannawa, a sake aunawa.
3. A cire nauyin farko daga na biyu.

Misali: kwano kaɗai giram 200, da kauɗa giram 700. Kauɗar giram 500 ke nan, wato madadin kilo 6 zuwa 7 na ɗanyen tumatir. Yi haka da kuɓewa da kuka da zogale, ki rubuta kowanne a littafinki. Ga amfanin karatun yaƙi da jahilci.

Don lafiyar yara

Babban cokali ɗaya na garin zogale, cike da ɗan tozo, kimanin giram 8 ne. Ana zuba shi a kunun yaron da ya wuce wata 6, bayan an sauke tukunya. A shanya zogale a inuwa, domin rana tana lalata sinadarin bitamin A mai taimakon ido. In ma'aikacin lafiya ya faɗi awo da giram, a roƙe shi ya nuna shi da cokalin gida.

A kula da damshi

Da damina busasshen kaya yana shan laima, ya ƙara nauyi, ya yi fumfuna. Mai sayen irin wannan da kilo ruwa yake biya wa kuɗi. A duba kauɗa da ido, a shinshina, mai fumfuna kada ta shiga miya. A ajiye a mazubi mai murfi, nesa da ƙasa. Kafin girki a wanke ta, a jiƙa a ruwan ɗumi, a zuba har ruwan jiƙon a tukunya.

Manomi ma ya auna tumatirinsa kafin shanya da bayanta. Ta haka zai san kuɗin da zai tsayar wa tiya ɗaya ba tare da ya faɗi ba.