Tannat: Inabin Da Ya Haɗa Dangi Da Bagaruwa

Duk wanda ya taɓa gatsar ɗanyar kanya ko ayabar da ba ta nuna ba ya san bauri. Baki ya bushe, harshe ya yi kaushi, dasashi ya ɗaure. Masana sun ce wannan ba ɗanɗano ba ne irin zaƙi ko tsami. Wani sinadari ne mai suna tanin yake kama furotin ɗin da ke cikin miyau ya dunƙule shi, santsin baki ya tafi. Aikin da yake yi a baki shi yake yi a fata: majemi ya daka bagaruwa ya jiƙa fatar akuya a ruwanta, tanin ya kama zaren fatar, ta daina ruɓewa. Sunan ma daga sana'ar jima Turawa suka samo shi.

A kudu maso yammacin Faransa, kusa da duwatsun Pyrenees da suka raba ƙasar da Sifaniya, akwai wani baƙin inabi da ake kira Tannat, wanda ke cikin waɗanda suka fi kowane inabi yawan wannan sinadari. Giya ake yi da shi. Ga mafi yawanmu giya haramun ce, kuma ba tallarta na zo yi ba. Labarin inabin ne ya ja ni, don ilimin da ke cikinsa majemanmu sun daɗe da riƙe rabinsa.

Gidan Tannat shi ne yankin Madiran, wanda hukuma ta ba shi rajistar suna a 1948. Ɓawonsa mai kauri ne, ƙwayoyinsa kuma cike suke da tanin. Jar giya kuwa tare da ɓawo da ƙwaya ake tsima ta, saɓanin fara da ake tace ruwan tun farko. Saboda haka abin da ke fitowa daga Tannat baƙi ne wuluk, mai bauri har masu sha su kasa kurɓarsa yana sabo. Da can sai a zuba shi a gangunan katako a jira shekaru, ko a sirka shi da wani inabin mai sauƙi. Iskar da ke ratsa katakon a hankali ita ke sa ƙwayoyin tanin su sauya, kaifinsu ya ragu. Amma manomi mai bashi a wuya ba ya son jiran shekaru. A 1991 wani ɗan yankin, Patrick Ducournau, ya fito da dabarar sakin iskar oksijin kaɗan-kaɗan cikin tanki, ana auna ta kamar ƙarin ruwa a asibiti. Dabarar da taurin kan Tannat ya haifar, yau ana amfani da ita a ƙasashe da dama.

Inda inabin ya yi suna sosai, ba a gida ba ne. Wani mutumin ƙabilar Basque, Pascual Harriague, da ya yi ƙaura zuwa Kudancin Amurka, ya dasa shi a Salto da ke ƙasar Uruguay wajen 1870. Inabin ya karɓi ƙasar, ƙasar ta karɓe shi, har aka daɗe ana kiran inabin da sunan Harriague. Yanzu shi ne inabin da Uruguay ke tinƙaho da shi, kuma gonakinsa sun fi yawa a Canelones, kusa da Montevideo babban birni. Ba abin mamaki ba ne. Ƙasa ce da shanu suka ninka mutane sau uku da wani abu, gasasshen nama kuma shi ne cimarsu. In akwai nama da kitse a baki, tanin ya sami abin kamawa ya ƙyale miyau, baurin ya lafa. Mutanen Madiran ma da naman agwagwa mai maiƙo suke haɗa tasu.

A 2006 ne Tannat ya shiga bakin 'yan jarida. Farfesa Roger Corder na jami'ar Queen Mary da ke Landan, shi da abokan aikinsa, suka wallafa bincike a mujallar Nature, inda suka nuna cewa wani nau'in tanin da ake kira furosayanidin yana da tasiri a kan ƙwayoyin jijiyoyin jini, kuma ya fi yawa a giyar kudu maso yammacin Faransa da ta tsibirin Sardiniya na Italiya, wuraren da aka san maza da tsawon rai. 'Yan kasuwa suka cafe maganar, aka shiga yayata Tannat a matsayin maganin zuciya.

A nan ne nake ganin an yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Abin da aka gani a ɗakin gwaji daban, abin da ke faruwa a jikin mutum daban. Tsofaffin ƙauyukan waɗancan yankuna suna noma, suna tafiya a ƙasa, abincinsu ma ba irin na birni ba ne, to da wane ma'auni aka ware giya aka ba ta ladan? Sannan kofin da ke ɗauke da tanin shi ke ɗauke da barasa, wadda hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa a sahun farko na masu haddasa cutar tun 1988. A Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito fili ta ce babu wani adadin barasa da za a kira marar haɗari ga lafiya.

Shi kuwa furosayanidin ba sai an je Madiran ba. Yana cikin koko da tuffa, yana cikin wasu irin jar dawa, kuma baurinsa ne ke sa tsuntsaye su guje ta a gona. Danginsa suna cikin goro da ganyen shayi. Sai dai tanin ma ba a cika masa ciki: yana kama sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci ya hana hanji tsotse shi. Mai ciki da mai fama da ƙarancin jini, a bar tazarar kamar awa guda tsakanin cin abinci da shan shayi mai kauri.