Taka mini baya: iyakar abin da hannu ke yi wa ciwon baya

Da magariba a Birnin Lalle, lokacin noman fari, magidanci kan dawo daga gona ya jingine hauya, ya kwanta rub da ciki kan tabarma, ya kira ƙaramin ɗansa: "Kai, zo ka taka mini baya." Yaron sai ya dafa bango ya hau, yana takawa daga kafaɗa zuwa ƙugu, har a ji ƙas! Uban ya sauke ajiyar zuciya ya ce, "Yauwa, Allah ya yi maka albarka." Uwar gidan kuwa, da tun asuba take tsakanin turmi da guga da goyo, ba kasafai ake tambayar nata bayan ba.

Irin wannan danna baya a wasu ƙasashe sana'a ce mai makaranta da takardar shaida. Sunanta kairofiratik, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin aiki da hannu. Wani mai suna Daniel David Palmer ne ya fara ta a 1895 a garin Davenport na jihar Iowa a Amurka. Ya ce ya danna ƙashin bayan wani mai sharar gini, Harvey Lillard, wanda kunnensa ya yi nauyi, sai jinsa ya dawo. Daga nan ya gina aƙidarsa: wai galibin cututtuka daga gocewar ƙasusuwan gadon baya suke, domin suna danne jijiyoyi su tare hanyar wata basira da Allah ya halitta a jiki, wadda ita ke warkarwa. Ya buɗe makaranta a 1897, kuma a 1906 an ɗaure shi kan yin magani ba da lasisi ba.

Wannan aƙida ba ta tsaya ba da aka gwada ta. Danna baya ba ya maganin asma, ko hawan jini, ko kurumta. Ƙarar nan ma da muke jin daɗinta, iska ce da ke cikin ruwan gaɓa take motsawa idan an ja gaɓar. Ƙashi bai goce ba balle ya koma. Abin da bincike ya tabbatar kaɗan ne, amma yana da amfani: ga ciwon ƙugu na yau da kullum, danna baya yana rage zafi gwargwado, kusan daidai da motsa jiki ko gashin ƙashi. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi, tare da tausa da motsa jiki, cikin hanyoyin da za a iya gwadawa a ƙa'idar da ta fitar a 2023. Matsalar kuwa ba ƙarama ba ce: mutum miliyan 619 ne hukumar ta ƙiyasta suna fama da ciwon ƙugu a 2020.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne horon. Tun 2005 hukumar ta ce mai son wannan sana'a ya yi aƙalla awa 4,200 na karatu cikin shekara 4, 1,000 daga ciki a gaban majinyata ƙarƙashin idon malami. Ana koya masa ƙasusuwan gadon baya 24 masu motsi, 7 a wuya, 12 a saitin ƙirji, 5 a ƙugu, da igiyar laka da ta ratsa tsakiyarsu, da karanta hoton ƙashi. Babban darasin shi ne gane bayan da bai kamata a taɓa ba.

Mu a ƙasar Dakoro namu mai hannun shi ne maɗori, kuma ban raina shi ba. Gado ne, yana kusa, yana karɓar abin da ya sawwaƙa, kuma birnin Maraɗi ya fi kilomita 100 daga nan. Targaɗe nawa ya gyara da man shanu da tausa? Sai dai yatsa ba ya ganin cikin ƙashi. Akwai tarin fuka mai kama gadon baya, yana cin ƙashin a hankali har ya rufta, doro ya fito, ƙafafu su mutu. Da farko kamanninsa ɗaya da gajiyar noma. Akwai kuma cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nono da taɓa dabbar da ta yi ɓari, ita ma tana sauka a ƙugu, kuma mu makiyaya ne. Wanda ya faɗo daga amalanke ko kabu-kabu na iya samun tsagewar ƙashi bai sani ba. Duk wanda ya hau irin wannan baya da ƙafa, ko ya danna da ƙarfi, yana iya gurgunta mai shi. Murɗe wuya kuma, wanda wasu masu aski ke yi a matsayin gyara, yana iya yaga jijiyar jini mai zuwa ƙwaƙwalwa. Ba ya yawan faruwa, amma in ya faru yana iya kawo shanyewar ɓarin jiki.

Alamomin ba su da wuyar riƙewa. Ciwon baya mai tafe da zazzaɓi da gumin dare da rama, ko wanda ke hana barci ko an kwanta, ko ƙafa ta riƙa sanyi tana jan ƙasa, ko fitsari da bayan gida su ƙwace wa mutum: wannan ba na tabarma ba ne. Haka bayan tsohuwa da ƙashinta ya yi taushi, da na yaron da kullum yake kukan baya.

Roƙona ga maɗoranmu da wanzamanmu: in kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, ku janye hannu ku ce a tafi likita, in ta kama a wuce asibitin Dakoro. Maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi a Nijar, kuma in an fara shi da wuri ƙafafu na tsira.