Karkarar Ailan: Gani Ya Kori Ji

Duk wanda Allah ya nufa da zuwa ƙasar Ailan, kada ya tsaya a Dublin kaɗai. Arewa da birnin, kusa da kogin Boyne, akwai kushewar Newgrange, wadda aka gina wajen shekara 5,200 da suka wuce, tun kafin dalar Giza ta Masar. Wajen 21 ga Disamba, hasken fitowar rana kan ratsa ta wata kafa, ya haskaka ƙuryarta na minti 17.

A yamma kuwa, duwatsun Moher sun tsaya bisa teku, tsayinsu mita 214. A wannan yanki matafiyi zai riƙa cin karo da kangayen gidaje. Yunwar 1845 zuwa 1852, sa'ad da cuta ta lalata dankali, ta kashe mutum wajen miliyan ɗaya, wasu kamarsu suka yi ƙaura. In ka je, ka tsaya ka dubi kangayen nan.