Salwar Amurka da Ba Ta Rayuwa Sai da Wuta

A da, duk manomin da ya yi sammako a kudancin ƙasar Amurka lokacin bazara ba ya rasa jin fiton wani ɗan tsuntsu daga kan shinge. Namijin ne ke yi, don kiran mace, kuma kunnen mutanen wurin ya ji kamar cewa yake "bob-wait", sunan da ya bi shi ke nan har yau. Wani nau'in salwa ne, bai kai fakara girma ba, nauyinsa bai wuce giram 170 ko kusa da haka ba. Yanzu akwai jihohin da yaro zai tashi a ƙauye ya girma bai taɓa jin wannan fito ba.

Ƙidayar tsuntsaye da ake yi duk shekara a Arewacin Amurka tun 1966 ta nuna cewa salwar ta ragu da kimanin kashi 85 cikin ɗari a shekara hamsin. A jihar Jojiya kaɗai, a farkon shekarun 1960, mafarauta na harbe fiye da miliyan 4 a shekara, amma ba a ga ta ƙare ba. Wanda ya ji wannan adadi zai ce ai ga mai laifi nan, bindiga ce. Masana ba su yarda ba.

Dalilinsu yana cikin yadda tsuntsun ke rayuwa. Ko an harbe shi ko ba a harba ba, kusan takwas cikin kowane goma ba sa cika shekara: shaho ya ɗauka, maciji ya shanye ƙwai, sanyi ya gama da saura. Abin da ke cike giɓin shi ne yawan haihuwa. Mace na zuba ƙwai 12 zuwa 14 a sheƙar da ke ƙasa cikin ciyawa, a yi kwanci kwana 23, in sheƙar ta lalace ta sake wata. 'Yan tsakin ƙanana ne ƙwarai, kuma a makonnin farko ƙwari kawai suke ci. Don haka suna bukatar ciyawa mai tsiro dunƙule-dunƙule, wadda ta bar fili a ƙasa su yi yawo, ta kuma rufe su daga sama. In sanyi ya shigo sai su haɗu garke-garke, su kwana a da'ira, wutsiya ciki, kai waje.

Irin wannan wuri a da ba sai an nema ba. Ƙananan gonakin auduga da masara, da shingayen ƙaya a tsakaninsu, da saurukan da aka bari su huta, duk gidan salwa ne. Bayan yaƙin duniya na biyu manyan injina suka shigo, aka tumɓuke shingaye aka haɗe gonaki, maganin feshi ya kashe ciyawa da ƙwari. Makiyaya suka shuka ciyawar waje mai shimfiɗa kamar tabarma, wadda shanu ke so amma ɗan tsako ba ya iya ratsawa. Inda aka daina noma kuwa aka dasa itatuwan katako kusa da kusa, har rana ba ta isa ƙasa.

Sai kuma maganar wuta, wadda ita ce ta fi ɗaure kai. A 1924 wasu attajirai masu gandun farauta tsakanin garin Tomasbil na Jojiya da Talahasi na Fulorida suka ga salwarsu na raguwa, suka ɗauki nauyin bincike. Wanda aka ɗora wa aikin, Herbert Stoddard, bai ma gama sakandare ba. Ya shafe shekaru yana bin tsuntsun a daji, a 1931 ya fitar da littafin da har yau ake komawa gare shi. Abin da ya gano bai yi wa jami'an gandun daji daɗi ba, domin a lokacin hukuma na yaƙi da duk wata gobarar daji. Shi kuwa ya ce hana wutar ne ke kashe salwa: in ba a ƙona ba, busasshen ganye ya taru, sarƙaƙiya ta rufe ƙasa, tsirrai masu ba da tsaba su ɓace. A 1958 aka kafa cibiyar bincike ta Tall Timbers a yankin, kuma har gobe tana kan wannan koyarwa.

Kada mai karatu ya ɗauka irin ƙunar dajin da 'yan farauta ke cinnawa da rani ce, su bar ta ta ci gona da rumbu. Wannan sai an duba iska da laimar ƙasa, an share kewaye, an ƙona yanki an bar yanki, kuma kusan duk shekara biyu ake komawa wuri guda.

Sakamakon a bayyane yake. A waɗancan gandaye, inda har yanzu ake fita farauta a kan dawakai da keken alfadarai, karnuka na gaba suna nuna inda garke ya ɓuya, salwar daji na nan da yawa. Sai dai abin na masu hali ne, domin kula da dubban eka saboda tsuntsu ɗaya ba aikin ƙaramin manomi ba ne. Talakan mafarauci ya koma harbin salwar da aka ƙyanƙyashe a keji aka saki, wadda ba ta san shaho ba, kuma kaɗan ce ke kai labari.

Shi ya sa hankali ya koma kan gonakin jama'a. Tun 1937 doka ta ware harajin da ake karɓa kan bindigogin farauta da harsasai, ana ba jihohi kuɗin don kula da namun daji. A 2004 ma'aikatar noma ta fara biyan manoma su bar gefen gona ya yi ciyawar gargajiya. Jihohi 25 sun haɗa kai a kan shiri guda na farfaɗo da salwar, sannan mafarauta suka kafa ƙungiyar Quail Forever a 2005. Inda maƙwabta da yawa suka shiga tare akan ga canji; gona ɗaya a tsakiyar fili fetal ba ta riƙe garke.

A yammacin Tekzas akwai wata matsalar daban. Can fili bai ƙare ba, amma yawan salwar na hawa da sauka da ruwan sama, ga kuma wata tsutsa da ke shiga idonta. A 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da abinci mai magani da za a riƙa ajiye mata a daji. Ba duk masana ne suka yarda tsutsar ce babbar illa ba.

Jihar Fensilbeniya kuwa a 2014 ta tabbatar da cewa salwar daji ta ƙare mata ƙaf. Maimakon ta sayo ta keji, sai ta shafe shekaru tana sare itatuwa da ƙona ciyawa a filin wani sansanin ajiyar kayan soja mai suna Letterkenny. Sai a watan Maris na 2024 aka kamo salwar daji daga wasu jihohi, aka ɗaura wa wasunsu 'yar na'urar bin sawu, aka sake su a wurin.