Yadda Ake Tsara Gidan Tsafin Mugaye a Wasan Dungeons & Dragons

Duk wanda ya buga Baldur's Gate 3, ko ya kalli fim ɗin Stranger Things inda yara ke taruwa a ɗaki suna jefa dayis, ya riga ya ɗanɗani wasan Dungeons & Dragons ko bai sani ba. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da shi a Amurka a shekarar 1974, kuma ba da na'ura ake buga shi ba. Mutum huɗu ko biyar ke zama, kowa ya ɗauki jarumi ɗaya, sai mutum ɗaya ya zama mai jan ragamar labari. Shi ke faɗin abin da ake gani, shi ne bakin dodanni, shi ne alƙali. Idan jarumi zai yi abu mai haɗari, sai a jefa dayis mai fuska 20 don a ga ko ya yi nasara. Babu kuɗi a tsakani, ba caca ba ce, ta fi kusa da tatsuniya mai dokoki.

Aikin da ya fi ba sabon mai jan ragama wahala shi ne tsara wurin da mugayen labarin ke zaune. Yau za mu ɗauki gidan tsafi, domin shi ne aka fi yi, kuma shi aka fi ɓatawa.

Kada ka fara da zane. Ka fara da tambayar da duk mai haɗa manhaja ke yi kafin ya rubuta layi ɗaya: me wannan abin ke yi? Mutanen cikin gidan me suke so, kuma me zai faru idan ba wanda ya tsayar da su? "Mugaye ne kawai" ba amsa ba ce. Ga misali daga wanda na tsara wa abokaina: wata ƙungiya ta gina haikali a gindin tafkin da ya ƙafe, suna yi wa wani dodo hidima wanda ke shanye ruwan rijiyoyin ƙauyukan kewaye, su kuma su riƙa sayar wa jama'a ruwa. Nan da kwana bakwai rijiya ta ƙarshe za ta ƙafe. Wannan 'yar jimlar ta ba ni komai. Na san dole a sami ma'ajiyar ruwa, da wurin da ake ɗora wa jakuna tuluna, da kurkukun masu haƙar rijiya da suka gano sirrin. Na kuma sami agogo: kowace rana da jarumai suka ɓata, wani abu na ƙara lalacewa.

A nan zan ɗan tsaya. Ka ƙirƙiri dodonka da ƙungiyarka daga kanka. Kada ka ɗauko addinin wasu mutane na gaske, ko al'adar wata ƙabila, ka liƙa mata sunan mugunta. Ban da rashin dacewa, abokin wasanka na iya kasancewa daga can ya fito, kuma daga ranar ba zai sake zama da ku ba. Haka kuma ka tambayi abokanka tun farko abin da ba sa son ji. Wasu ba sa son a yi bayanin tsafi dalla-dalla, kuma labarin bai buƙatar hakan. Jarumai sun zo rusa wurin ne, ba koyon karatu ba.

Sai taswira, kuma a nan ne na yi babban kuskure a karon farko. Na jera ɗakuna takwas a layi ɗaya kamar taragon jirgin ƙasa, na sa ƙofar sirri a ɗaki na uku wadda sai an jefa 15 ko sama kafin a gan ta. A dayis mai fuska 20, lambobi shida ne kawai ke cika wannan sharaɗi, wato kashi 30 cikin 100. Wanda ya bincika bai dace ba, aka zauna ana kallon juna, sauran ɗakuna biyar da na kwana ina tsarawa ba wanda ya gan su. Irin kuskuren da ke sa manhaja ta tsaya cak saboda hanya ɗaya tak aka ba ta.

Maganin shi ne ka ɗauki ɗakunan a matsayin ɗigo, hanyoyin kuma layukan da ke haɗa su, ka tabbata akwai zagaye. Mashiga biyu ko uku: babbar ƙofa mai masu gadi, magudanar ruwa ta baya, da rami a rufi. Matakala da ke tsallake hawa ɗaya. Ɗakin da ake hangowa ta taga amma sai an zagaya kafin a shige shi. Jennell Jaquays ta yi suna da irin wannan tsari a Caverns of Thracia na 1979, har yau masu tsara wasa na koyi da shi. Idan kuma akwai sirrin da labari ba zai ci gaba ba sai da shi, marubuci Justin Alexander ya ba da shawarar a ajiye alamu uku a wurare daban-daban. Lissafin na goyon bayansa: ko da kowace alama rabi da rabi ce a gan ta, yiwuwar a rasa duka ukun ɗaya ne cikin takwas.

Abin da ya fi taswira muhimmanci a ganina shi ne mutanen ciki, kuma darasin yana cikin The Temple of Elemental Evil, wanda Gygax da Frank Mentzer suka fitar a 1985, daga baya kamfanin Troika ya mai da shi wasan kwamfuta a 2003. Haikalin ya kasu ɓangare huɗu, na wuta, na ruwa, na iska da na ƙasa, kuma ba sa ga maciji da juna. A can ƙarƙashi kuma an kulle wata aljana mai suna Zuggtmoy. Saboda wannan gaba, 'yan wasa na iya haɗa ɓangarorin faɗa, ko su yi shigar ɗaya su yaudari ɗaya. Ba sai ka yi huɗu ba, biyu sun isa. A nawa, shugaban ƙungiyar ya yarda da dodon da gaske, mataimakinsa kuwa kuɗin ruwan kawai yake so, kuma ya fara tsorata. Abokaina sun shafe kusan awa guda suna ciniki da mataimakin, ba a zare takobi ba, kuma shi ne ɓangaren da suka fi tunawa.

Ka tuna mutane ne ke zaune a wurin. Suna cin abinci, suna barci, suna canjin gadi. Madafa da ɗakin kwana sun fi kwarangwal goma sa wuri ya zama na gaske. Tarko kuma kada ka sa shi a hanyar da mazauna ke bi kullum, in ba haka ba su zai fara kamawa. Wajen bayani, abu biyu ko uku a kowane ɗaki sun wadatar, kuma ka haɗa da wari ko sauti: ɗigar ruwa a bayan bango a garin da kowa ke fama da ƙishi ta fi doguwar siffantawa tayar da hankali.

Game da kayan aiki, ba ka buƙatar sayen komai. Dokokin farko na wasan suna nan kyauta a intanet. Dungeon Scrawl na aiki a burauza don zana taswira, sai dai ya fi daɗi a kwamfuta. Shafin donjon na iya haɗa maka taswira kai tsaye, amma ka ɗauke ta a matsayin ɗanyen kaya, ka gyara hanyoyin da kanka. Idan abokanka na nesa, Owlbear Rodeo na ba ku damar ganin taswira ɗaya kuna magana ta Discord ko WhatsApp. Dayis kuwa manhajojinsa sun cika Play Store. Ni dai har yanzu na fi son littafin lissafi mai gida-gida da fensir, kowane gida ƙafa biyar kamar yadda dokar wasan ta tanada, sannan in ɗauki hoton shafin da waya. Ba ya cin data, kuma ɗaukewar wuta ba ta tsayar da wasa.

Don zaman farko na awa uku, ɗaki shida zuwa takwas sun isa. Ka rubuta kowane ɗaki a layi uku a manhajar rubutu ta wayarka: abin da ake gani, wanda ke ciki, da abin da ke ɓoye. A ƙasan shafin kuma ka rubuta abin da mugayen za su yi a rana ta ɗaya zuwa ta bakwai idan jarumai suka juya suka tafi wani wuri, domin akwai yiwuwar su yi hakan.